BABI NA UKU: Yadda Hukuma Ke Sahale Mahaɗin Dashen Haƙori Wanda Aka Zana da Kwamfuta a Amurka

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana hanyoyin da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, take bi kafin ta bari a sayar da mahaɗin dashen haƙori wanda aka zana da kwamfuta domin bakin mutum guda. Dalilin zaɓen wannan batu shi ne, akwai wata matsala a cikinsa wadda ta cancanci nazari. A bisa al'ada, hukuma takan gwada samfurin kaya, idan ya yi kyau sai ta bari a ƙera dubbai irinsa. To amma shi wannan mahaɗi, kowane ɗaya da siffarsa, domin bakin wani ba ya zama daidai da na wani. Tambayar da babin zai amsa ita ce: mene ne ainihin abin da hukuma take sahalewa, alhali ba ta ga ko ɗaya daga cikin mahaɗan da za a saka wa mutane ba?

3.1 Ma'anar Mahaɗi da Matsayinsa

Dashen haƙori ya ƙunshi sassa uku. Sashe na farko shi ne wani ɗan ƙarfe mai zare kamar na sukuru, wanda likita yake kafawa a cikin ƙashin muƙamuƙi domin ya maye gurbin saiwar haƙorin da ya fita. A wannan nazari an kira shi turke, saboda kafa shi ake yi a ɗaura wani abu a kansa. Sashe na uku shi ne hula, wato haƙorin da ake gani kuma ake tauna da shi. Sashe na biyu kuwa, wanda yake tsakaninsu, shi ne aka kira mahaɗi. Gindinsa yana shiga cikin bakin turke a ɗaure shi da ƙaramin sukuru, tsakiyarsa tana ratsa dasashi, sannan samansa ya zama sandar da hula take zama a kai.

Tushen wannan fasaha shi ne binciken wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Per-Ingvar Brånemark, wanda ya lura tun a shekarun 1950 cewa ƙashi yana manne wa ƙarfen titaniyam har ya kasance da wuya a raba su. A shekarar 1965 ya kafa wa mutum na farko irin wannan turke a birnin Gotenbag. Bayan wani taro da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982 ne fasahar ta bazu a Arewacin Amurka.

Idan aka yi la'akari da matsayin mahaɗi, za a ga cewa duk nauyin tauna ta kansa yake bi kafin ya isa ga turke. Har wa yau, shi ne yake haɗuwa da naman dasashi dare da rana. Saboda haka, in bai zauna daram ba, sukuru yana iya kwancewa ko ya karye, kuma ƙwayoyin cuta suna iya samun mafaka a ratar da ke tsakaninsa da turke. A wani lokaci bakin turken kansa ne yake tsagewa, wanda hakan kan tilasta a yi tiyata a cire shi daga cikin ƙashi.

3.2 Daga Mahaɗin Kanti Zuwa Mahaɗin Kwamfuta

Da farko kamfanoni suna ƙera mahaɗai ne masu girma iri ɗaya, miƙaƙƙu ko masu ɗan karkata, likita ya zaɓi wanda ya fi kusa da buƙatarsa, a goge shi da hannu. Ana iya kiran wannan mahaɗin kanti. Matsalarsa ita ce kewayayye ne, shi kuwa haƙorin ɗan Adam ba a kewaye yake fitowa daga dasashi ba. Bugu da ƙari, gefen da hula take zama a kai yakan nutse can ƙarƙashin dasashi, ta yadda ragowar simintin da aka liƙa hula da shi yakan maƙale inda likita ba ya gani, ya haddasa kumburi da zaizayewar ƙashi.

Shigowar kwamfuta cikin aikin haƙori ya kawo sauyi. A shekarar 1985 aka yi wa majinyaci na farko gyaran haƙori da tsarin CEREC a Jami'ar Zurik da ke Suwizalan, wanda Werner Mörmann da Marco Brandestini suka ƙirƙiro. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni irin su Nobel Biocare da Atlantis suka fara ƙera wa kowane majinyaci mahaɗinsa. Matakan aikin su ne kamar haka:

i. Ana ɗaura wata 'yar alama a kan turke, a ɗauki siffar baki da na'urar sikana, domin kwamfuta ta san inda turken yake da kuma inda ya fuskanta.

ii. Mai haɗa haƙora yana zana mahaɗin a cikin manhaja, yana daidaita tsawonsa da kaurinsa da karkatarsa.

iii. Ana aika zanen ga injin sassaƙa, wanda zai fitar da siffar daga ɗan gungumen titaniyam ko na zakoniya.

iv. Ana goge shi, a duba shi, a wanke, sannan a kashe ƙwayoyin cuta da tururi kafin a saka a baki.

Yana da kyau a lura cewa a mafi yawan lokaci gindin da yake shiga cikin turke kamfani ne yake sassaƙa shi tun a masana'anta. Abin da ɗakin haɗa haƙora yake sassaƙawa shi ne saman gungumen kawai. Akwai kuma nau'i mai sassa biyu, inda ake liƙa saman zakoniya a kan gindin titaniyam. A wurin hukuma, gindin da saman duka biyun su ne mahaɗi, kuma simintin da ya haɗa su yana cikin abubuwan da take dubawa.

3.3 Tushen Doka

Kafin 1976 hukumar FDA ba ta da cikakken ikon tantance kayan aikin likita kafin su shiga kasuwa. Illar da wasu kayayyaki suka yi wa jama'a, musamman robar tsarin iyali mai suna Dalkon Shield, ita ta sa majalisar dokokin Amurka ta yi wa doka gyara, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a ranar 28 ga Mayu, 1976. Gyaran ya kasa kayan aikin likita gida uku bisa ga haɗarinsu:

(a) Rukuni na ɗaya: masu ƙaramin haɗari, kamar buroshin goge baki.

(b) Rukuni na biyu: masu matsakaicin haɗari, waɗanda ake gindaya wa sharuɗɗa na musamman.

(c) Rukuni na uku: masu babban haɗari, kamar murfin zuciya na roba ko na ƙarfe, waɗanda sai an kawo hujjar gwaji a kan mutane.

Da farko turken haƙori da mahaɗinsa suna rukuni na uku ne. A watan Mayun 2004 hukumar ta sauko da turke mai siffar saiwa da mahaɗinsa zuwa rukuni na biyu, ta kuma fitar da takardar jagora mai bayyana gwaje-gwajen da take buƙata. Ma'anar mahaɗi tana cikin kundin ƙa'idojin tarayya mai lamba 21, sashe na 872.3630.

Hanyar da kayan rukuni na biyu suke bi ana kiran ta 510(k), wato lambar sashen dokar da ya kafa ta. A nan kamfani zai sanar da hukuma aƙalla kwana 90 kafin ya fara sayarwa, ya nuna cewa kayansa sun yi daidai da wasu da suka riga suka shiga kasuwa bisa doka, ta fuskar amfanin da za a yi da su da kuma fasahar da aka ƙera su. In akwai bambanci, sai ya kawo hujjar cewa bambancin bai haifar da wata sabuwar tambaya game da lafiya ko inganci ba. Waɗancan kaya na farko su ne za a riƙa kira magabaci a wannan babi.

A nan ya zama dole a bambance kalmomi biyu. An yi amfani da kalmar sahalewa ga abin da ya bi hanyar 510(k), an keɓe kalmar amincewa ga abin da ya bi tsattsauran binciken rukuni na uku. Bambancin yana da tushe a doka, domin sashe na 807.97 ya bayyana cewa duk wanda ya nuna wa jama'a cewa hukuma ta amince da kayansa don kawai sun bi hanyar 510(k), to ya yaudare su.

3.4 Me Ya Sa Ba a Ɗauke wa Mahaɗin Kwamfuta Tantancewa Ba?

Mai karatu zai iya cewa, tun da an ƙera mahaɗin ne domin mutum guda bisa umarnin likitansa, ai kamata ya yi a ɗauke masa wannan wahala. Lallai dokar Amurka tana da irin wannan rangwame a sashe na 520(b), domin kayan da aka yi wa majinyaci mai wata lalura ta daban wadda babu kayan da suka dace da ita a kasuwa. Sai dai gyaran da aka yi wa sashen a 2012 ya iyakance rangwamen ga abin da bai wuce guda 5 ba a shekara daga kowane nau'in kaya. Kamfanin da yake sassaƙa mahaɗai masu yawa kullum ba zai shiga wannan rangwame ba.

Dalili na biyu shi ne, ko da yake siffar kowane mahaɗi daban take, asalinsu ɗaya ne: ƙarfe ɗaya, gindi ɗaya, inji ɗaya, hanya ɗaya. Misalinsa kamar tela ne mai ɗinka riga iri guda, yana sauya awo daga mutum zuwa mutum. Tun da haka ne, ana iya yin gwaji a kan nau'in gaba ɗaya. A shekarar 2018 ƙungiyar hukumomin kula da kayan aikin likita ta duniya, IMDRF, ta fitar da ma'anoni da suka raba kayan da aka yi musamman domin mutum guda da kayan da aka daidaita da jikin majinyaci a cikin iyakokin da kamfani ya riga ya tantance. A tsarin Amurka, mahaɗin kwamfuta yana cikin kashi na biyu.

3.5 Iyakokin Zane

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin. Kamfani yana gabatar wa hukuma iyakokin da duk wani zane zai tsaya a cikinsu, kuma waɗannan iyakoki su ake rubutawa a takardar bayanin kaya. Muhimmai daga cikinsu su ne:

i. Mafi ƙarancin kaurin bango, domin bangon da ya cika siranta yana tsagewa.

ii. Mafi girman karkata. Takardar jagora ta 2004 ta nuna cewa mahaɗin da karkatarsa ta wuce digiri 30 ana iya neman hujjar gwaji a kan mutane kafin a sahale shi, shi ya sa mafi yawan kamfanoni suke tsayawa a digiri 30 ko ƙasa da haka.

iii. Mafi ƙarancin tsawon sandar da hula take zama a kai, wanda galibi milimita 4 ne ga haƙori guda.

iv. Tsawon sashen da yake ratsa dasashi.

v. Jerin turakun da mahaɗin ya dace da su, da sunan kamfaninsu da faɗin bakinsu.

Domin kada a dogara ga tunanin mai zane kaɗai, ana kulle waɗannan iyakoki a cikin ma'ajin bayanan manhaja, ta yadda in ya yi ƙoƙarin wuce su manhajar za ta tsayar da shi. Wannan ne ya sa ita ma manhajar zana mahaɗi ake ɗaukar ta a matsayin kayan aikin likita mai buƙatar sahalewa. Kamfanin 3Shape na ƙasar Denmak da exocad na Jamus suna cikin waɗanda manhajojinsu suka bi wannan hanya.

3.6 Gwaje-gwajen da Ake Gabatarwa

Tun da ba za a iya gwada kowane mahaɗi ba, sai a nemo mafi rauni daga cikin duk abin da iyakokin suka halatta, wato mafi sirantar bango da mafi girman karkata a kan mafi ƙanƙantar turke. Hikimar ita ce, in mafi rauni ya jure, waɗanda suka fi shi ƙarfi ma za su jure.

Babban gwaji shi ne na juriya, bisa ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 14801. Ana kafa turke a cikin wani abu mai tauri, a bar milimita 3 a waje domin a kwaikwayi bakin da ƙashinsa ya zaizaye. Idan mahaɗin miƙaƙƙe ne, ana karkatar da turken digiri 30, sannan inji ya riƙa danna shi yana saki. A busasshen wuri ana yin dannawa miliyan 5 da saurin da bai wuce sau 15 a daƙiƙa ba, wanda hakan yake cin kusan kwana huɗu ga samfuri guda. Idan kuwa a cikin ruwa ne, ana yin miliyan 2 da saurin da bai wuce sau 2 a daƙiƙa ba. Daga nan sai a gano nauyin da samfuran suka jure ba tare da sun karye ba, a kwatanta shi da na magabaci.

Gwaji na biyu shi ne na dacewa da jiki, bisa jerin ma'aunai na ISO 10993, domin a tabbatar cewa kayan ba sa kashe ƙwayoyin halitta ko haddasa ƙaiƙayi da kumburi. Yawancin mahaɗan ƙarfe ana yin su ne da gaurayen titaniyam mai kashi 6 cikin ɗari na alminiyam da kashi 4 na banadiyam, bisa ma'aunin ASTM F136. Ba a tsayawa ga ƙarfen kaɗai, domin man inji da sinadaran wanki ma suna iya barin saura a jikin mahaɗi.

Na uku shi ne tabbatar da hanyar kashe ƙwayoyin cuta. Galibi ana aika mahaɗi ba tare da an yi masa wannan ba, saboda haka dole kamfani ya gwada zafin tururi da tsawon lokacin da zai rubuta wa likita, ya nuna cewa sun wadatar.

Na huɗu ya shafi kamfanin da yake ƙera mahaɗi domin turken wani kamfani. Shi ba shi da asalin zanen turken, don haka sai ya sayi turaku da mahaɗai da sukurori na asali ya auna su dalla-dalla, ya nuna cewa nasa zai zauna daidai. Ana kuma sa ran ya ci gaba da bibiya, saboda mai turken yana iya sauya awo ba tare da ya sanar da shi ba.

3.7 Matsayin Ɗakin Haɗa Haƙora

Tun da daɗewa ɗakunan haɗa haƙora a Amurka suna yin huluna da haƙoran roba bisa umarnin likita, kuma doka ta ɗauke musu wajibcin yin rajista da FDA a matsayin masana'antu. Da injunan sassaƙa suka yi araha, da yawa daga cikinsu suka fara sassaƙa mahaɗai da kansu. Matsayin hukumar shi ne, sassaƙa mahaɗi ƙera kayan rukuni na biyu ne, ba daidai yake da yin hula ba. A sakamakon haka aka samu hanyoyi biyu da ake bi.

Hanya ta farko ita ce, ɗakin ya yi zane kawai, ya aika wa cibiyar sassaƙa wadda mai takardar sahalewa ya tantance, kuma take aiki a ƙarƙashin tsarinsa na kula da inganci. Hanya ta biyu ita ce, kamfani ya nemi sahalewar jerin aikin gaba ɗaya, ya ambaci sikana da manhaja da injin sassaƙa da kayan da za a sassaƙa, kowanne da sunansa. Wanda ya bi wannan jeri kamar yadda aka rubuta yana cikin inuwar sahalewar. Wanda ya musanya inji ko gungume da wani wanda ba a ambata ba, ko ya buɗe iyakokin manhaja, ya fita daga cikinta, domin abin da ya ƙera ba shi ne aka gwada ba.

Su kuwa masu ƙerawa, wajibi ne su ajiye bayanan kowane aiki, su karɓi koke-koke, su kai rahoton munanan illoli ga hukuma. Ƙa'idojin inganci suna sashe na 820, wanda hukumar ta yi wa gyara a watan Fabrairun 2024 domin ya dace da ma'aunin ISO 13485, ta kuma sanya ranar 2 ga Fabrairu, 2026 a matsayin ranar fara aiki da gyaran.

3.8 Rauni da Suka

Duk da wannan tsari, hanyar 510(k) ba ta tsira daga suka ba. A shari'ar Medtronic da Lohr ta 1996, Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana cewa hanyar ta fi mayar da hankali ga daidaito da magabaci a kan tabbatar da lafiya. Haka kuma a 2011 wani kwamiti na Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ya ba da shawarar a maye gurbinta da sabon tsari, shawarar da hukumar ba ta karɓa ba.

Game da mahaɗi kuwa, mai wannan nazari yana ganin rauni uku. Na farko, gwajin juriya kwatance ne tsakanin kaya da kaya, bai faɗi shekarun da mahaɗi zai yi a bakin mai cizon haƙora cikin barci ba. Na biyu, zaɓen mafi rauni ya dogara ne ga lissafin kamfani, kuma in an yi kuskure a nan, duk abin da aka gina a kai ya raunana. Na uku, hukuma ba ta tsaye a kan kowane inji, saboda haka kiyaye iyakoki ya rataya ne a wuyan mai zane da likitan da ya karɓi aikin. Shi kuwa majinyaci, ba shi da hanyar sanin ko an kiyaye su, alhali a bakinsa sakamakon zai bayyana.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar mahaɗi da yadda kwamfuta ta shigo cikin ƙera shi, sannan aka kawo tushen dokar Amurka tun daga 1976 da sauyin rukuni na 2004. An nuna cewa rangwamen da doka ta yi wa kayan mutum guda bai shafi mahaɗin kwamfuta ba. Amsar tambayar da aka yi a gabatarwa ita ce, abin da hukuma take sahalewa shi ne iyakokin zane da jerin aikin da ake bi, bayan an gwada mafi raunin abin da iyakokin suka halatta. Ke nan, takardar sahalewa tana kare majinyaci ne muddin an tsaya a cikin waɗannan iyakoki. Saboda haka ya dace likita ya tambayi ɗakin da ya yi masa aiki lambar sahalewar mahaɗin, da wurin da aka sassaƙa shi, da kuma ko turken da ya kafa yana cikin jerin da aka ambata, ya rubuta amsar a fayil ɗin majinyaci. A babi na gaba za a dubi yadda Tarayyar Turai ta tsara wannan al'amari a ƙarƙashin dokarta mai lamba 2017/745, wadda ta fara aiki a ranar 26 ga Mayu, 2021.